Kowati a Bangon Makaranta

Malama Zinatu ta miƙo mini takarda,
hotuna tara, ta ce, "Tanimu, bangon gabas,
ka gama kafin yara su dawo Litinin."
Takwas ɗin tsofaffin abokan buroshina ne,
giwa da kada da jimina da sauransu,
ko ido rufe zan fitar da su.
Na taran ne ya sa na juya takardar sama da ƙasa.

Hanci kamar bakin buta, ya ɗan ɗaga kai.
Wutsiya tsaye ƙyam kamar karan rake,
gaɓa baƙa, gaɓa ja, har ƙarshe.
Na ce, "Wa ke nan?" Ta ce, "Kowati."
Na ce, "Kowa?"
Ta ce, "Kowati. Ɗan ƙetaren teku ne,
can dazukan Amurka."

Asabar a Tudun Jukun, rana ta take.
Na hau tsani da gwangwani uku da tsumma a kafaɗa,
sai unguwa ta taru raɗin suna
ba goro, ba rago.
Iro mai shayi ya ce tunku ne ya samu wuri.
Wani ɗan acaɓa ya taka burki,
ya ce gafiya ce ta ari wutsiyar biri.
Mai awara ta sauke farantinta,
ta ce muzuru ne aka ja wa hanci don sata.

Can la'asar ga Baba Barau da sandarsa,
shi da ya tattake gindin Kufena har bakin Galma
tun bindigar toka tana da daraja.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Na san jibda da ƙanshinta,
na san dage da taurin kansa,
bodari ya taɓa hana ni shiga gida kwana uku.
Wannan dai ba mu haɗa hanya ba.
Abin da ban ga sawunsa ba,
ba na sa masa suna."

Malama ta buɗe waya tana karanto mana:
wai da hancin yake tonon ƙasa,
ƙwaro, ɗan itace, duk abin da ya samu;
a bisa yake kwana,
in zai sauko daga itace, kai ne a gaba.
Matan da 'ya'ya ayari guda suke tafiya,
wutsiyoyi sama, kowa na hangen kowa.
Namiji kuwa, da ya girma,
sai ya ware, ya ci shi kaɗai.

Baba Barau ya nuna bangon da sanda.
"To namiji ka zana ke nan."
Ya juya ya tafi.

Na tsaya a kan tsani, fenti na ɗiga a gwiwar hannuna.
Nawa ayarin yana Giwa, gidan surukai,
ni ina ɗakin haya bayan Kwangila,
kwano ɗaya, cokali ɗaya,
ina zuwa ranar da aljihu ya yarda.

Lahadi da sassafe na koma, ba wanda ya aike ni.
Na kankare gindin gwangwanaye,
na sa masa uwa a gefen dama
da 'ya'ya huɗu suna bin ta a jere.
Malama ta ce, "Ɗaya takarda ta nuna,
kuma kuɗin ɗaya muka yi."
Na ce na ji.

Ja ya ƙare mini a kan ɗan autan,
sai na cike wutsiyarsa da shuɗin da ya rage na kogin kada.

Litinin ina naɗe igiyar tsani
na ji wata 'yar aji ɗaya, Lantana,
tana ƙirga wutsiyoyi da yatsa.
Da ta kai na shida ta dafa bangon,
ta ce wa ƙawarta,
"Wannan mai shuɗin nawa ne, kar ki taɓa."